Willie O'Ree: Baƙar fata na farko a gasar hokin ƙanƙara ta NHL

A ranar 18 ga watan Janairun 1958, ƙungiyar Boston Bruins ta Amurka ta sa Willie O'Ree cikin 'yan wasanta a karawar da ta yi da Montreal Canadiens a ƙasar Kanada. Da haka ya zama baƙar fata na farko da ya buga wasa a NHL, gasar hokin ƙanƙara mafi girma a duniya.

To sai dai shugabannin ƙungiyar ba su san cewa ɗan wasan ba ya gani da idonsa na dama ba.

Yadda wasan yake

Ana yin wannan wasa ne a kan daskararriyar ƙanƙara. Kowane ɓangare na da mutum 6: mai tsaron gida, 'yan baya 2 da 'yan gaba 3. Suna zamiya da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, suna tura wani ɗan faifan roba mai tauri da sanda zuwa ragar abokan hamayya.

Wannan faifai ne ya kusa datse wa O'Ree hanya.

Sirrin ido

An haifi O'Ree ranar 15 ga watan Oktoban 1935 a garin Fredericton na Kanada, kuma shi ne auta cikin 'ya'ya 13.

Yana buga wa ƙungiyar matasa ta Kitchener ne faifan ya same shi a fuska, ya rasa kusan kashi 95 cikin 100 na ganin idonsa na dama. Likita ya ce masa ya haƙura da wasa, amma ya koma fili, ya kuma ɓoye lamarin, domin da an sani ba za a ɗauke shi a NHL ba.

Da yake ta gefen hagu yake kai hari, tilas ya riƙa juya kansa gaba ɗaya kafin ya hango faifan da ke zuwa daga dama.

Wariyar launin fata

Wasanni 45 kacal ya buga wa Boston: 2 a 1958, sai 43 a kakar 1960 zuwa 1961. Ya ci sau 4, ya kuma taimaka aka ci sau 10.

Ya sha zagi daga 'yan kallo da abokan karawa saboda launin fatarsa. A Chicago a 1961, wani ɗan wasa ya doke shi da gindin sanda, ya zubar masa da haƙoran gaba biyu.

Daga baya ya koma ƙananan gasa, inda ya buga wa Los Angeles Blades da San Diego Gulls. A Los Angeles ne aka mayar da shi gefen dama, abin da ya ba idonsa mai lafiya damar ganin fili. Ya yi ritaya a 1979.

Bayansa, sai a 1974 aka sake samun baƙar fata a NHL, wato Mike Marson na Washington Capitals.

Karramawa

A 1998 hukumar NHL ta naɗa O'Ree jakada domin jawo yara marasa galihu da 'ya'yan tsirarun jinsuna cikin wasan. An shigar da shi zauren gwarazan hoki a 2018.

A ranar 18 ga Janairun 2022, shekaru 64 cif bayan wasansa na farko, Boston ta jingine rigarsa mai lamba 22, ma'ana babu ɗan wasanta da zai sake sanya wannan lamba.