Sola da Wutar NEPA a Gida Ɗaya: Sai An Sa Makunnin Raba Su?

Bayan an sayar da masara da waken soya, mutane da yawa a Gozaki da Kafur da Malumfashi da Funtuwa sukan sayi faifan sola da batir. Inda layin wuta ya kai, wuta biyu ke nan a gida ɗaya: ta rana, da ta KEDCO, kamfanin da ya karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa a 2013, ko da yake har yau wutar NEPA muke ce mata. Ana yawan tambayarmu ko lalle ne sai an sa makunnin da zai raba su. Wani mai haɗa wuta yakan ce inbata, wato akwatin da ke juya wutar sola ta zama irin ta gida, ta san aikinta, kada a ɓata kuɗi.

Bari mu fara da haɗarin. Wuta kamar ruwan lambu take, in ba a toshe hanya ba sai ta bi ta koma baya. Taransifoma tana sauko da bolt 11,000 ko 33,000 zuwa wajen 230 na gida. To, ba ta zaɓen hanya. In wutar gidanka ta fita ta bi waya ta shige ta, sai ta ɗaga ta zuwa dubban nan. Ma'aikacin da ya kashe layi ya hau falwaya yana zaton waya a mace take, alhali kuwa daga gidanka ake ba ta wuta.

Wani zai ce ƙaramar inbata ba za ta iya ɗaukar unguwa duka ba, za ta kashe kanta. Sau da yawa haka ne. Amma in iskar damina ta tsinke waya kusa da gidanka, babu nauyin da zai kashe ta. Wayar tana kwance a hanyar gona da wuta a jikinta, yara da dabbobi suna wucewa. Ran da aka kawo wuta kuma, biyun su yi karo, inbatar ta ƙone.

Maganar mai haɗa wutar tana da tushe, amma a wata ƙasa. A Amurka an daɗe ana wannan gardama. Inbatar da ake haɗawa da layi a can, ƙa'ida ce ta mutu cikin daƙiƙa 2 da ɗauke wuta, kuma sai an gwada ta an ba ta shaida kafin a yarda a haɗa. Saboda haka wani rahoton binciken gwamnatinsu na 2008 ya ga makunnin waje maimaici ne ga ƙananan gidaje, waɗansu kamfanonin wuta a Kalifoniya ma sun daina tilasta shi.

Mu namu dabam ne. Mun sayi sola don ta yi aiki lokacin da aka ɗauke wuta, daidai lokacin da tasu take mutuwa. Inbata mai batir in ta kirki ce, aka kuma haɗa ta daidai, tana raba layin da kanta. Amma wa ya gwada wadda aka sayo a kasuwa? Wa ya duba haɗin? Ga janareto kuma, wanda ba ya raba kome. A ganinmu, a nan makunnin wajibi ne.

Irin wanda muke nufi shi ne canjoba mai hannu, wanda masu janareto suka sani: gefe ɗaya NEPA, tsakiya a kashe, ɗaya gefen sola. Ba ya barin biyun su haɗu. A sa shi kusa da mita, inda babba zai kai hannu amma yaro ba zai kai ba, ruwan sama kuma ba ya dukansa. A rubuta a jikinsa cewa gidan yana da sola. Kada ko kusa a ba gida wuta ta hanyar cusa waya a soket.

Canjoba ba ya kashe faifan da ke kan rufi. Muddin akwai rana yana ba da wuta. Don haka wayar da ta sauko daga faifan tana bukatar nata makunnin, batir kuma nasa fis. A nemi waɗanda aka ƙera musamman don sola, domin makunnin fitilar ɗaki yakan yi tartsatsi ya narke in aka sa shi a wannan wuri.