Sifika Huɗu a Kan Waya Ɗaya: Abin da Saƙon Nan Ya Ɓoye

Kwanakin nan wani saƙo yana yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan uwa da abokan arziki, wai sirrin haɗa hom tiyata da kuɗi kaɗan. Wanda ya rubuta shi bai sa sunansa ba, sai dai ya umarci kowa ya tura wa mutum goma. Da shi ne zai biya kuɗin gyaran kayan mutane, da bai yi wannan karambanin ba.

Akwai gaskiya guda a ciki. Akwatin da kafinta ya yi da katakon MDF mai kaurin milimita 18, aka toshe duk kafar da iska za ta zurare, ya fi na roba mai araha daɗin sauti, muddin girmansa ya dace da sifikar da za a saka. Maganar wat 5000 da ke jikin kwali kuwa, lambar talla ce da ake kira PMPO. A nemi lambar RMS. Girman mayen ƙarfe kaɗai ba ya nuna ingancin sifika. Waya mai ruwan zinariya ma ɓarnar kuɗi ce, ta jan ƙarfe mai ɗan kauri ta wadatar.

Mai cutarwar ita ce shawarar da ta ce a tara sifika huɗu a murɗe wayoyinsu wuri ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, a cusa a mafita ɗaya ta amfilifaya, in fis ya tsinke kuma a ɗaure gurbinsa da waya.

A bayan kowace sifika akwai lamba, galibi om 4, 6 ko 8. Ita ce ma'aunin yadda sifikar ke tare wa wuta hanya. Idan aka haɗa biyu masu om 8 ta wannan hanyar, sai su koma 4. Huɗu kuma su koma 2. Dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta nuna cewa a wannan hali sifikokin za su nemi wuta ninki huɗu na abin da guda ɗaya ke ja. Yawancin amfilifayoyin gida kuwa an ƙera su ne don om 6 zuwa 8, wasu har 4, kuma an rubuta haka kusa da inda ake soka waya. Jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi. Tiranzistocin ciki za su ɗau zafi, mai kariya ta kashe kanta, marar kariya ta ƙone.

Ban ga laifin waɗanda suka yarda ba. Da farko ƙara tana ƙaruwa da gaske, kunne ya ji, ga shi kuma aljihu ba nauyi. Sai dai ribar ba ta kai yadda ake zato ba: ninka ƙarfin wuta sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, alhali sai an kai wajen desibel 10 kunne ke jin ƙara ta ninku.

Ba kowace amfilifaya ce za ta ƙone ba, domin akwai na mota da na manyan taro da aka ƙera don om 2. Haka kuma ba duk wanda ya ɗaure fis ne gidansa zai kama da wuta ba. Abin da babu shakka a kansa shi ne, an sa fis ne don ya tsinke kafin waya ta yi zafin da zai cinna wa roba da katako wuta. Wanda ya cire shi ya cire kariyar ƙarshe.

Mai son sifika huɗu a mafita ɗaya, ga hanya. A jera biyu a layi, baƙin wayar ta farko ya shiga jan ta biyu, su zama om 16. A yi wa sauran biyun haka, sannan a haɗa layukan biyu ja da ja, baƙi da baƙi, su dawo om 8. Mai gyaran rediyo zai auna da mita, wadda za ta nuna wajen 6 ko 7, kuma hakan daidai ne. In ta nuna ƙasa da 3, kada a kunna. In fis ya tsinke, a nemo dalilin, sannan a sayo irinsa mai lamba ɗaya.