Dam ɗinmu: Abin da Yake Ba Mu da Abin da Ya Kamata Mu Sa wa Ido

'Yan uwa mata, idan sakatariya ta buɗe littafin bashi na kowace ƙungiya a Sabon Birni da ƙauyukan da ke tsakanin Gwarzo da Kabo, za ku tarar rance da yawa a bakin dam yake ƙarewa. Wata ta karɓa don mai gida ya sayi irin albasa da taki. Wata tana sarin kifi tana soyawa. Wata tumatir take saya lokacin da ya yi araha, ta yanka, ta shanya kauɗa, ta ajiye sai ya yi tsada. Ko mai kiwon tumaki, da rani ganyen lambu da ruwan dam ne ke riƙe mata dabbobi. To, tunda kuɗinmu can yake zuwa, dole mu san yadda wurin yake.

Madatsun ruwa na wannan yanki, irin su Guzuguzu da Magaga da Pada, suna cikin waɗanda gwamnatin Jihar Kano ta gina tun daga zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, da shekarun da suka biyo baya. Fari ne da ƙarancin ruwa suka sa aka duƙufa ga wannan aiki. Tiga, wadda ita ce babbarsu, an gama ta a 1974, Challawa da ke Ƙaraye kuwa sai 1992. Namu ƙanana ne idan aka kwatanta da waɗancan, amma aikin ɗaya ne: a tare ruwan damina, wanda da zai wuce cikin 'yan watanni, a riƙa amfani da shi har rani.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, bangon da ya tare ruwan nan ƙasa ce. Ƙasa aka tara, aka daddaɓe ta da injina hawa-hawa, aka jera duwatsu a gefen da ruwa ke duka. Bango irin wannan yana iya yin shekaru masu yawa lafiya ƙalau, amma yana tsufa, kuma namu sun kwana biyu. Ba a son ruwa ya hau ta samansa, ba a kuma son ya samu hanya ta cikinsa.

Don kada ruwa ya hau ta sama ne aka yi wa kowane dam mafita, wato wurin nan mai siminti ko duwatsu da ke gefe, inda rarar ruwa ke zuba idan ya cika. Idan kuka ga ruwa yana zuba ta nan a watan Agusta, ba matsala ba ce, aikinta ke nan. Matsalar ita ce a toshe ta. Akwai masu jera buhunan yashi wai don ruwa ya ƙara taruwa saboda rani, akwai masu kafa raga don kama kifi, ga kuma kara da ciyawa da ke taruwa da kansu. Duk wanda ya yi haka, ko da niyya mai kyau, ya tura ruwa zuwa kan bango. Ruwa kuwa idan ya fara bi ta kan bangon ƙasa, cikin sa'o'i kaɗan zai iya yanka shi. Iyayenmu suna tuna Agustan 1988, lokacin da dam ɗin Bagauda ya ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. Na kusa-kusa kuma shi ne na Alau, a Satumban 2024, wanda ya shigo Maiduguri da dare mutane suna barci.

Na biyun ya fi wuyar ganewa, shi ya sa nake so mu ɗan tsaya a kansa. Kusan kowane bangon ƙasa yana ɗan tsatsafo a gindinsa ta baya. Idan ruwan da ke fita fari ne tas, kuma yawansa bai canza ba tun bara, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Amma idan ya koma ja ko ya gurɓace, ko kuka ga yana tara yashi a inda yake ɓulɓulowa, to ƙasar cikin bangon ce yake kwasowa. Ramin yana faɗaɗa ta ciki ba wanda ke gani, har ranar da saman zai rufta. Haka nan idan aka ga tsaga a kan bangon, ko wani wuri ya lotsa, ko wani gefe ya zame, ko ciyawa ta yi shar a wuri guda alhali ko'ina ya bushe. Suri da ramin gafiya ma hanya ce suke buɗe wa ruwa. Bishiya a jikin bango tana da kyau a ido, ana shan inuwarta, amma saiwarta tana ratsa ƙasar, ranar da ta mutu ta ruɓe sai ta bar rami. Kada dai kowa ya ɗauki gatari da kansa. Tumɓuke babbar bishiya a wurin aikin injiniyoyi ne. Abin da za mu iya hanawa shi ne sabon dashe, da ɗiban ƙasa a gindin bango don yin bulo, da kora garke ta hanya ɗaya kullum har ta zama kwari.

Wata za ta ce, "Malama, ni da ba na fita, ina zan ga wannan?" Gaskiya ne, da yawanmu ba ma zuwa bakin dam. Amma yaranmu suna zuwa kullum, mai gida yana lambu a can, mai kawo mana ruwa ma daga can yake. Tambaya kawai za ki yi. Shawarata ita ce, daga Yuli zuwa Satumba kowace ƙungiya ta ware minti biyar a zaman mako, bayan an gama zubi, a ji abin da aka gani. Idan akwai abin damuwa, sakatariya ta rubuta ranar da wurin, shugaba ta aika wa mai unguwa ko dagaci a ranar, ba sai zama na gaba ba. Su ne za su kai wa hakimi da ƙaramar hukuma, har zuwa Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta jiha. Idan akwai mai waya da ke ɗaukar hoto, a haɗa da hoton. Magana daga mata ashirin da biyar, a rubuce, ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Waɗanda gidajensu ke ƙasa da dam ko a bakin rafin da ya fito daga cikinsa, su san tudun da za su nufa tun kafin buƙata ta taso, yara ma su sani. Akwatin ƙungiya da littafinta kada su kwana a irin waɗannan gidaje da damina, ko da ma'ajiya can take. A sa littafin a leda.

Sai maganar yara, wadda a gaskiya ita ta fi faruwa. Ɓallewar dam abu ne na jefi-jefi, amma kusan kowace bazara sai mun ji Hukumar Kashe Gobara ta Kano ta ciro yaro daga kududdufi ko dam. Bakin dam ba kamar rafi ba ne. Taku biyu ruwa iya gwiwa, na uku ya shanye mutum, ga laka mai riƙe ƙafa. Kada a aiki ƙaramin yaro shi kaɗai, kada kuma a ɗora wa 'yar shekara takwas kula da ƙaninta a wurin. Ku koya wa manyan yara: idan wani ya nutse, wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa. Ya yi ihu, ya miƙa gora ko igiya, ko ya jefa jarka wadda ba komai a ciki an rufe bakinta, tana ɗaga mutum. Wanda aka ciro, ko ya farfaɗo yana magana, a kai shi asibiti.

Tsargiya ma daga nan take. Har yanzu akwai masu ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya fara girma. Ba haka ba ne, ciwo ne. Ƙwayar tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwa, ta ratsa fatar mai wanka ko wanki. Tana kama mata ma, har takan taɓa mahaifa. Maganinta, praziquantel, akan raba shi a makarantu, akwai shi kuma a asibiti. Idan an zo rabo, ku bari yaranku su sha bayan sun ci abinci. Ruwan wanka da aka ɗebo daga dam, idan ya kwana biyu a randa ƙwayar tsargiya takan mutu. Na sha kuwa sai an tafasa ko an sa masa magani. Kuma a ja kunnen masu wanke injin feshi a bakin ruwa da masu zuba guba don kama kifi, don kifin nan mu ne za mu soya mu sayar wa maƙwabta.

Mu koma kan rance. Dam yana cikewa da yashi da laka shekara bayan shekara, musamman inda ake noma har bakin ruwa, don haka ruwan da yake riƙewa yanzu bai kai na da ba, ko da a ido ya cika. Shi ya sa wasu shekarun ruwa ke janyewa tun Maris, albasa ba ta gama ƙosawa ba. Kafin a ba da rancen noman rani, a tambayi mai karɓa: ina lambun yake, kusa da ruwa ko can ƙarshe? Bara wane wata ruwa ya yanke musu? Idan da inji ake ja, an lissafa kuɗin mai har ƙarshen ban ruwa? Wadda ta karɓi naira dubu hamsin ta zuba duka a iri da taki, ba ta bar na fetur ba, za ta dawo neman ƙari a lokacin da akwati ba komai.

Kada kuma ƙungiya ta bari mafi yawan rancenta ya tafi lambu a lokaci guda. Idan ruwa ya janye ko tumatir ya faɗi a kasuwa, duk tare za su kasa biya, ga rabon ƙarshen shekara yana matsowa. A bar wani kaso ga masu ƙuli-ƙuli da ɗinki da kiwo. Game da asusun taimako, ku tsayar da magana tun farkon zagaye, a rubuta: idan ambaliya ta ci gida ko lambun 'yar ƙungiya, nawa za a ba ta, kuma wata nawa za a ɗaga mata biyan bashi.