Dokin da ba mahayi: abin da sirdi yake faɗa a Amurka da kuma a ƙasar Katsina

Ranar 25 ga Nuwamba, 1963, da aka ɗauki gawar Shugaba John F. Kennedy zuwa maƙabartar sojoji ta Arlington, wani baƙin doki ya bi bayan akwatin, soja na riƙe da linzaminsa. An ɗaura masa sirdi, amma ba kowa a kai. A cikin likkafa an sanya dogayen takalman hawa suna fuskantar baya, alamar jagora ya waiwayi rundunarsa waiwayen ƙarshe.

Sunan dokin Black Jack. Shi aka ja a jana'izar Herbert Hoover da Janar Douglas MacArthur a 1964, da ta Lyndon Johnson a 1973, ban da jana'izar hafsoshi fiye da dubu. Da ya mutu ranar 6 ga Fabrairu, 1976, sojoji suka binne shi a barikin Fort Myer da karramawar soja, kuma har yau kabarinsa na nan da sunansa.

Mutumin Funtuwa ko Malumfashi bai rasa sanin doki mai sirdi ba mahayi ba, sai dai a wurinsa ma'anar ta sha bamban. A hawan sallah, inda hakimai irin su Sarkin Maska da Galadiman Katsina kan kai dawakansu birnin Katsina, akan ja dawakin zage a gaban sarki, an yi musu ado, zagage na riƙe da su. Asalinsu tanadi ne na fagen fama: in na ƙarƙashin sarki ya gaji ko ya ji rauni, ga wani a shirye. Can sirdin da ba kowa yana cewa mai shi ya tafi. Nan kuwa cewa yake mai shi yana nan, kuma da saura a bargarsa.

Jana'iza ba ta da wannan ado a ƙasar Hausa. Wanka, likkafani, sallah, sai kushewa, yawanci kafin rana ta faɗi. Ko da aka binne Muhammadu Buhari a Daura ranar 15 ga Yuli, 2025, da tuta da harbin ban girma, ƙasa ɗaya ce ta karɓe shi kamar kowa. Babu mai neman a sauya wannan.

Abin dubawa shi ne suna. Tun da 'yan bindiga suka addabi Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara, sojoji da 'yan sanda sun sha faɗuwa a dazukan da ke gefen gonakin masara da auduga, haka ma dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, waɗanda 'ya'yan ƙauyukan ne. Sau da yawa sanarwa kan tsaya a kan adadi, "an rasa jami'ai kaza", shi ke nan. Abin takaici ne a ce doki ya samu dutsen kabari, mutum kuwa ya ƙare a lissafi.

Kowace 15 ga Janairu gwamnati kan ajiye furanni don tunawa da mazan jiya, a Abuja da manyan biranen jihohi. Daga inda ake bikin a Katsina zuwa Faskari, tafiyar sa'o'i ce a mota.