Auren Ƙananan Yara A Amurka: Izinin Iyaye Da Ƙofar Juna Biyu

Da yawa daga cikinmu na zaton cewa a Amurka babu mai yin aure sai ya cika shekara 18. Ba haka lamarin yake ba. Dokar aure a can hurumin jihohi ne, ba na gwamnatin tarayya ba, kuma har zuwa shekarar 2018 babu jiha ko ɗaya da ta hana auren ƙananan yara baki ɗaya. Jihar Delaware ce ta fara yin haka a wannan shekarar, wasu kuma suka biyo baya. A Kalifoniya kuwa doka ba ta ƙayyade mafi ƙarancin shekaru ba, muddin iyaye sun amince kuma kotu ta sa hannu.

Ƙofofi biyu ne dokokin suka saba bari a buɗe: izinin iyaye, da kuma juna biyu. Ta biyun ce ta fi ɗaukar hankalina, domin ta ginu ne a kan tunanin da mu ma muka sani, wato a rufa asirin gida kafin ciki ya fito fili. A tsohuwar dokar jihar Fulorida, alƙali na da ikon ba da lasisin aure ga yarinya komai ƙanƙantarta idan tana da ciki ko ta haihu. A wannan jihar ce aka aurar da Sherry Johnson tana da shekara 11 ga mutumin da ya yi mata fyaɗe, bayan ta riga ta haihu. Cikin da ya kamata ya zama hujjar gurfanar da mai laifi, shi ne ya zama dalilin ba shi amarya. Da ta girma ta shafe shekaru tana kai gwauro ta kai mari a majalisar jihar, har Gwamna Rick Scott ya sa hannu a sabuwar doka a 2018. Yanzu sai yarinya ta kai 17, da yardar iyayenta, kuma kada mijin ya girme ta da fiye da shekara biyu. Ba a ƙara karɓar ciki a matsayin uzuri.

Izinin iyaye ma ba kullum yake zama garkuwa ba. Takarda tana nuna cewa uba ya yarda, amma ba ta nuna ko ’yar ta yarda, alhali sau da yawa matsin daga gida yake fitowa. Ga kuma wani tarko a wasu jihohin: wadda doka ta bari ta yi aure, ita ce dai dokar ke kallo a matsayin yarinya idan ta nemi ɗaukar lauya ko kama hayar ɗaki don ta tsira. Ingila da Wales sun lura da wannan, suka soke auren ’yan shekara 16 da 17 a 2023, ko da iyaye sun amince.

A nan gida, Dokar ’Yancin Yara ta 2003 ta sa shekara 18, amma ba ta aiki a jiha sai majalisarta ta karɓe ta. Ƙofar juna biyu kuwa fiƙihun Malikiyya ya riga ya toshe ta, tun da ba a ɗaura wa mai ciki aure sai ta sauka. Wadda ta rage mana ita ce ta izinin waliyyi, kuma a kanta ne nake ganin majalisun jihohinmu suka fi yin shiru: wa zai ji ta bakin yarinyar, ita kaɗai, kafin a raba goro?