Ingilishi a lakkol: tarkon da Faransanci ke ɗana wa ɗalibai

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ɗan kasuwar Maradi mai safara zuwa Kano ko Dubai ya daɗe da sanin amfanin Ingilishi wajen karanta takardun kaya. Yanzu ma'aikacin gwamnati ma ya san ɗansa zai bukace shi a biro.

Yaro yakan soma Ingilishi a ajin farko na kolej, ya shekara huɗu yana koyo kafin jarrabawar BEPC. Duk da haka da yawa sukan faɗi, ba don rashin ƙoƙari ba. Yaron yana tunani da Hausa, ya juya da Faransanci, sannan ya sake juyawa da Ingilishi. A kan wannan doguwar hanya ce ma'ana ke zubewa.

Tarko na farko shi ne kalmomi masu kama da juna. “Passer un examen” zaman jarrabawa ne kawai, amma “to pass an exam” cin jarrabawa ne. “Librairie” kantin sayar da littattafai ne, “library” kuwa ɗakin karatu. “Attendre” jira ne, “to attend” halarta. Kama da wane ba ta wane. Haka nan Bafaranshe yakan ce “j'ai quinze ans”, sai ɗalibi ya rubuta “I have fifteen years”, alhali daidai shi ne “I am fifteen”.

Na biyu shi ne salon magana. In Bature ya ce “it is raining cats and dogs”, ba kyanwa ba kare: ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. “A piece of cake” kuwa abu ne mai sauƙi kamar shan ruwa. Ɗalibi ya ware kaye guda, ya rubuta kowane salo da takwaransa na Hausa, ba sai ya bi ta Faransanci ba. Wanda bai tabbata da ma'anarsa ba, kada ya sa shi a takardar jarrabawa.

Wajen rubutu, gajeriyar jimla ta fi. Ingilishi yana son mai aiki, aiki, sannan abin da aka aikata, a jere. A haddace aikatau masu sauya kama, irin “go, went, gone” da “buy, bought, bought”. A tuna “depuis” ya rabu biyu: “since 2020”, amma “for three years”.

Ranar jarrabawa, a karanta tambayoyi kafin a shiga nassin, a fara da wadda aka fi sani, a rage mintoci goma na ƙarshe don duba “s” na “he goes” da lokutan aikatau. Nan ne maki ke zuba ba a sani ba.

Uba ko da bai ji Ingilishi ba yana da rawar takawa. Ya sayi ƙamus, ya sa yaro ya karanta masa rubutun kwalin magani ko buhun kaya da suka fito daga Najeriya, ya fassara da Hausa. Minti goma sha biyar kullum ya fi kwanan zaune a daren jarrabawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.