Me 'yan gudun fanfalaki ke tsotsa a 'yar leda?

Sunansa jel: sukari ne mai kauri kamar zuma, kusan giram 25 a kowane ƙunshi.

Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, amma ajiyar takan ƙare bayan kamar minti 90 na gudu mai zafi. Kitse kam akwai shi jibgi, ko a jikin siriri, sai dai a hankali yake ƙonewa. Da sukarin ya ƙare sai ƙafa ta yi nauyi, jiri ya biyo baya.

Ni dai a ganina, mai zagaya filin makaranta na minti 40 ba ya buƙatar jel. In gudun zai wuce awa ɗaya, a nemi giram 30 zuwa 60 duk awa, a kora da ruwa. Dabino ma ya wadatar, ga sauƙi a aljihun ɗalibi. Kada dai ka fara gwada jel ranar gasa, yakan murɗa ciki.